Ina La'adar Ɗan Canji Take?



Duk macen da ta taɓa ba dillaliya zane ko tasa ta sayar mata ta san la'ada. Ba a ɓoye take ba. Dillaliya za ta dawo ta zube kuɗi bisa tabarma, ta ce ga abin da aka saya, ga nata a ciki. In kin ga ya yi yawa ku ja, in kun shirya ku rabu kuna dariya. To, yau zancen wani dillali zan yi muku wanda ba ya faɗin tasa la'adar, watau ɗan canji. In kin tambaye shi nawa ne ladansa, sai ya ce, "Haba Hajiya, ko kwabo ba ni amsa." Ba kuwa ƙarya ya yi ba. Amma ni nan da kuke gani na bar naira 5,000 a hannunsa cikin kwana tara, ban sayi ko allura ba, shi kuwa bai cuce ni ba. Yadda aka yi haka shi ne nake so ku ji.

Ni mutuniyar Gangara ce, ta ƙasar Sabon Birni. Waɗanda ba su san wajenmu ba, bari in gaya musu cewa muna bakin iyaka ne. Sa'ad da Turawan Ingila da na Faransa suka raba ƙasa, suka daidaita iyakarsu a 1904 da 1906, sai suka bar Tsibiri can, suka bar Sabon Birni da Isa nan, alhali kuwa duk Gobirawa ne, tsagen fuskarmu ɗaya. Da wuya ki shiga gida a garinmu ki tarar ba su da ɗiya ko gwaggo ko suruka a ƙasar Maraɗi. Saboda haka da kuɗi iri biyu muka tashi, namu da sefa. Gudummawar biki ta zo da sefa, kuɗin akuya ya zo da sefa, mu kuma mu aika da naira. Tilas wata rana mace ta bi ta hannun ɗan canji, ko da ba ta taɓa taka kasuwa ba.

Kafin in shiga labari, 'yan makaranta ku buɗe kunne, don lissafin sefa yana da tarko. Mutanen Nijar ba su ƙirga ta ɗai-ɗai kamar yadda aka rubuta a jikin takarda. Da dala suke ƙirga, dala guda kuwa sefa 5 ce. In mai tumatir ta ce miki dala ashirin, sefa 100 take nufi. In an ce jika guda, sefa 1,000 ke nan, watau dala 200. Mu kuma nan tsofaffinmu in sun ce jaka guda, naira 200 suke nufi, don dā fam ɗari ake ce wa jaka. Na san amaryar da aka ce mata an aiko mata da jika biyar daga Madarunfa, ta yi ta ƙunƙuni wai naira dubu kacal, ashe abin da aka aiko ya ninka haka sau da yawa. Kada kuma ku haɗa wannan dala da dalar Amurka, suna ne kawai ya zo ɗaya.

To, ga labarin. Cikin 2024 aka sa ranar ɗiyata ta ƙarshe. Na kwashi adashe, na sayar da tunkiya, na haɗa naira 130,000, na ce wannan na atamfa ne da shadda, a Maraɗi za a sayo, don can na saba samun irin wadda nake so. Na aiki autana wurin ɗan canji. Ran nan jika guda naira 2,600 yake sayarwa. Yaro ya kawo mini jika 50 cif, na ƙirga sau biyu, na ƙulle a bakin zane, na sa cikin kwalla.

Ana gobe za a tafi sai labari ya zo hanya ba lafiya. Kun dai san halin da ƙasarmu ta shiga da 'yan bindiga, ba sai na tsaya faɗi ba. Aka ce a dakata. Muna cikin dakatawa sai kafinta ya aiko cewa gado ya ƙare, a kawo cikon kuɗi ko ya sayar wa wani. Shi kuwa naira yake so. Na ce abu mai sauƙi, ai ga kuɗi a kwalla. Na fiddo jika hamsin ɗin nan, ko lanƙwasa ba su yi ba, na ce yaro ya mai da su.

Ya dawo da naira 125,000.

Na ƙirga, na sāke ƙirgawa, na dubi yaro. Allah ya yafe mini, shi na fara zargi. Ya rantse har da hawaye. Na yafa mayafi, tsufa ya ba ni wannan dama, na tafi da kaina. Na ce, "Malam, sefa ta faɗi ne cikin kwana taran nan?" Ya ce ko kusa, tana nan inda take. Na ce to ina dubu biyar ɗina? Ya yi murmushi ya ce, "Inna, wancan karon ke kika saye, ni na sayar. Wannan karon ke kika sayar, ni na saye. Ina sayarwa 2,600, ina saye 2,500. Da kin tambaya ran nan ma haka zan ce miki."

Kun ji inda la'adar take. Ɗan canji farashi biyu gare shi kullum, na saye da na sayarwa, ratar da ke tsakaninsu ita ce abincinsa. Naira ɗari a kan kowace jika, sau hamsin, dubu biyar ke nan. Mu kuwa farashi guda muke tambaya, wanda ya shafe mu a wannan sa'a, ɗayan yana nan kwance yana jiranmu. Ku 'yan aji shida ku ɗauki alƙalami ku raba 100 da 2,600, za ku ga kusan 4 cikin 100 ne. Ba a nan abin ya tsaya ba. Da hanya ta yi sauƙi na sāke haɗa naira 125,000 ɗin na aika, sai suka ba ni jika 48 da canjin naira 200. Jika biyu sun tafi, kuɗin ɗankwali da sarƙa mai kyau, ba wuta, ba ɓarawo, ba bashi. Kuɗi kamar gari ne, duk sa'ad da aka juye shi daga ƙwarya zuwa ƙwarya sai wani ya maƙale a gindi.

Kwana biyu ina jin haushin mutumin nan. Daga baya da na huce na zauna na yi tunani, sai na ga ba shi da laifi, ko da yake har yanzu ina ganin ɗari ta yi yawa. Shi ma ba haƙo sefa yake yi a bayan ɗaki ba. Saye yake yi wurin waɗanda suka fi shi, su ma da tasu ratar. Yana ɗauke da kuɗin mutane a hanyar da kowa ke tsoro. In an liƙa masa jabu, shi ya ci hasara. In ya kwana da sefa jibge, gari ya waye ta sauka, ba wanda zai ce masa sannu. Duk waɗannan ya tara su ya zuba cikin ɗarin nan. Don haka ne za ku ga ran da aka ce an rufe iyaka, ko an ji wani labari a rediyo, ratar sai ta buɗe baki kamar rijiyar da ta rufta. Bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli 2023, da aka rufe iyaka har zuwa Maris 2024, mun ga haka da idonmu. Tsoron ɗan canji ke kike biya.

Akwai kuma abu na biyu, shi ne rashin abokin gasa. Inda 'yan canji biyu ne ko uku, abin da suka ce shi ke nan. Amma ku tambayi waɗanda suka je Wapa, can Fagge cikin Kano, inda 'yan canji suke jere kamar masu goro. In wannan ya ƙi, taki biyu ga wani, saboda haka ratarsu 'yar kaɗan ce. In aka haura sama kuma, can inda manyan bankunan duniya suke canji tsakaninsu, wanda Landan ce babbar kasuwarsa, ƙididdigar da aka yi a watan Afrilu 2022 ta nuna ana juya dalar Amurka tiriliyan 7.5 kowace rana. Ni ban iya hango yawan wannan kuɗi ba, ku ma kada ku wahal da kanku. Abin lura dai shi ne, can ratar da ke tsakanin saye da sayarwa ba ta kai ko kwabo guda cikin naira ɗari ba a manyan kuɗaɗe. Mai tiriliyan yana biyan ƙasa da kwabo, mai tunkiya guda a Gangara tana biyan naira huɗu. Haka duniya take, ruwa can yake taruwa inda ya tarar da ɗan'uwansa.

Wata za ta ce, to me ya haɗa mu da Landan? Akwai abin da ya haɗa. Sefar nan, wadda ƙasashe takwas suke ci da ita, har da Nijar da Binin da Togo da Sanagal, a ɗaure take kamar akuya a turke. Tun 1999 turkenta yuro ne, kuɗin Turai: yuro guda sefa 655.957, ba ragi ba ƙari. Inda yuro ya nufa nan take bi. Naira kuwa, a watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya sassauta mata igiya, aka bar kasuwa ta yanka mata farashi. Dalar Amurka da take wajen naira 460 a hukumance ta haura 700 cikin 'yan kwanaki, a watan Fabrairu 2024 kuma ta wuce 1,800 a kasuwar bayan fage. Duk sa'ad da naira ta durƙusa gaban dalar Amurka, sai ta durƙusa gaban sefa. Ɗan canjinmu da asuba yake duba wayarsa ya ji yadda Kano da Sakkwato da Maraɗi suka tashi, kāna ya yanka nasa.

Kada kuwa wannan ya sa ku ce sefa ba ta faɗuwa, ku tara ta ƙarƙashin katifa ku yi barci. Mu da muka daɗe mun ga jiya mun ga yau. Ina 'yar yarinya aka zo da naira, ran 1 ga Janairu 1973, aka ce fam guda naira biyu, sule guda kwabo goma. Kakata, da ta san sule kwabo goma sha biyu ne, har ta koma ga Allah tana cewa gwamnati ta cinye mata kwabo biyu. A 1980 naira guda ta fi dalar Amurka guda a farashin hukuma, 'yan'uwanmu na ƙetare su suke neman naira ido rufe. Sai ga 1984, cikin Afrilu, gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sāke launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanaki kaɗan a canza. Waɗanda suka ɓoye naira a Maraɗi da Ƙonni da yawa suka wayi gari da takardun banza. Shekara goma bayan haka reshe ya juye da mujiya. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa rabi da rabi cikin dare ɗaya: kuɗin Faransa guda da yake sefa 50 ya koma 100. Gwaggona da ta ajiye sefa don aikin hajji, kuka ta yi kamar an yi mata rasuwa. Kowane kuɗi da ranarsa.

Bari in koma kan ƙananan ɓeraye, don ba rata kaɗai ke cin kuɗin mace ba. In takardarki ta yage ko ta sha jiki, sai a ce ba a amsa, ko a amsa da ragi, saboda haka ki duba abin da aka miƙo miki kamar yadda kike duba ƙwai. In kin kawo tsaba, ko ƙananan takardu, farashinsu ba ya kai na manya. In lissafi ya faɗa naira 12,470, sai ki ji an ce babu canji, a ba ki 12,400, ke kuwa kunya ta hana ki magana a kan saba'in. Ga kuɗin babur na ɗan aike, ga ɗan abin da za ki ba shi na goro. In ta waya aka turo, mai POS yana nan yana jira da nasa. Wanda ya fi su duka wayo kuwa shi ne mai kanti da zai ce miki, "Hajiya, kada ki wahala, kawo nairar haka nan ina amsa." Yana amsa mana! Amma shi ya zama ɗan canjin, ya yanka farashin da ya ga dama ya cusa cikin kuɗin atamfa, ke kuwa kina ta godiya. Ki tambaye shi kuɗin turmi da sefa, ki tambaya da naira, ki yi rabawa a zuci ko a bayan hannu, kāna ki zaɓa. Waɗanda 'ya'yansu suke aiko musu daga ƙasashen waje ma ba su tsira ba. Bankin Duniya ya lissafta a 2023 cewa aiko da dalar Amurka 200 zuwa ƙasashenmu na kudu da Sahara yana cin kusan 8 cikin 100, ya fi na ko'ina tsada, wani sashe nasa kuwa cikin farashin canjin yake ɓoye.

Amma duk wannan hasarar kuɗi ce, ana mai da ita. Abin da ya kusa cin mini zumunci shi ne zan faɗa muku yanzu, ko da yake da nauyi a bakina.

Ina da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya. A 2020, shekarar da hare-hare suka tsananta a ƙasar Sabon Birni, ita da maigidanta suka ƙetara suka zauna wajen Gidan Runji, kamar dubban mutanenmu. Mace ce mai zuciyar nema, tana ƙuli-ƙuli tana sayar da mai, cinikinta duk da sefa. A watan Fabrairu 2023 maigidana ya kwanta ciwo. Kun tuna lokacin, sa'ad da aka sāke takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi aka ce a daina amsa, sababbi kuwa ba su samuwa. Mutum da kuɗinsa a banki yana kwana da yunwa. Na aika wa ƙanwata, ba ta yi wata-wata ba ta aiko mini da jika 40 rance. Ɗan canji ya ce in ta waya nake so 1,200, in tsabar kuɗi a hannu 1,050. Kun ga ran nan farashi uku ya yi. Mai magani da mai babur ba su san waya ba, na amshi na hannu, naira 42,000. Aka yi magani, Allah ya ba da sauƙi.

Bayan shekara guda da 'yan watanni na ce lokacin biya ya yi. Na haɗa naira 50,000, a raina har na yi mata ihsani da dubu takwas, na aika. Sai ga saƙon murya ya zo a wayar yaro. Ta ce, "Yaya, na ga saƙo, na gode. Amma jika arba'in na ba ki, abin ga kuwa ko jika ashirin bai kai ba." Jini ya hau mini kai. Na ce wato ni za ta ci da riba? Dubu arba'in da biyu na gani a hannuna, yanzu ta ce in biya dubu ɗari da huɗu? Ita ma can tana cewa, wato ita za ta yi taimako ta koma da rabin jarinta? Wata biyu ba mu yi magana ba. Tsohuwarmu, da take zaune wurina, ta lura. Ba ta ce kome ba, sai dai ta rage cin abinci. Wannan ya fi mini zafi da kome.

Maigidana ne ya kai maganar gaban malamin unguwarmu. Malam bai ja ta da nisa ba. Ya tambaya, me aka miƙa? Aka ce sefa. Ya ce to sefa ake bi, jika 40 aka ranta, jika 40 za a mayar, ba ƙari ba ragi, wannan ba riba ba ce. In kuwa mai bin bashi ta yarda a biya ta da naira, ya halatta, amma bisa farashin ranar biya, kuma a ƙare a nan take, kada a tashi da saura a wannan cinikin, don canjin kuɗi hannu da hannu ake yinsa. Da aka kawo mini wannan amsa ban ji daɗi ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma da na kwana na tashi sai na ce, da naira ce ta hau sefa ta faɗi, ai da jika arba'in ɗin zan miƙa mata ina murna, ba zan ƙara ko dala ba. Ashe gaskiyarta ce. Laifinmu mu biyu shi ne ran da aka ba da rancen ba wadda ta buɗe baki ta ce da wane kuɗi za a biya. Kunya ta hana, kunyar kuwa ta kusa raba mu.

Na kira ta na ba ta haƙuri, muka yi kukanmu muka share. A cikin wannan hira ne dabara ta zo, kuma ita ta kawo ta. Ta ce ai kowane wata tana aiko wa Inna kuɗin cefane da magani, tana sayar da sefarta wa ɗan canji a 2,500. Ni kuwa ga ni zan je in sayi sefa a 2,600 in aika mata. Watau kuɗi zai ƙetara can, wani ya ƙetaro nan, ɗan canji ya ci gaba ya ci baya. Ta ce me zai hana mu raba ratar biyu? Ta wakilta ɗanta da yake karatu nan wurinmu. Ran da na samu, sai mu tambayi farashin ranar, na saye da na sayarwa, mu ɗauki tsakiya, in ƙirga masa naira a hannu, a soke jika goma daga bashi, shi kuma ya yi wa kakarsa hidima da su da sunan uwarsa. Karon farko tsakiyar ta faɗa 2,550. Na ba da 25,500 maimakon 26,000, ita kuma ta sami 25,500 maimakon 25,000. Kowaccenmu ta tsira da ɗari biyar, ba kuɗin babur, ba fargabar hanya. Dubu hamsin ɗin da na fara aikawa muka lissafta ta a farashin ranar da ta isa, saura muka bi da wannan hanya har bashi ya ƙare. Inna ta koma cin tuwonta.

Ku 'yan makaranta, akwai wata da ta shafe ku ku kaɗai. Kwanan baya wani ɗan ƙanen maigidana ya zo hutu, yana ta latsa waya, ya ce wai canji yake yi da Turawa, yana sayen yuro yana sayar da dala daga kan tabarma, har ya ce in kawo kuɗin adashe ya juya mini. Na ce nuna mini. Ya nuna. Me zan gani? Lamba biyu jere, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa. Na ce, "Kai yaro, ai na san wannan mutumin, shi ne na bakin kasuwarmu ya sa kwat." Kowace shiga da fita sai ka biya rata. Wasu kamfanonin suna ƙara kamasho a kai. In cinikinka ya kwana buɗe akwai kuɗin kwana. Sa'an nan suna ba ka dama ka yi ciniki da abin da ya ninka kuɗinka sau da yawa, ratar kuwa a kan babban adadin ake lissafta ta, ba a kan ɗan abin da ka zuba ba. Wanda ya shiga ya fita sau ashirin a yini, ya juye garinsa ƙwarya ashirin ke nan. A 2018 hukumar da take lura da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai ta ce cikin kowane ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki, tsakanin 74 da 89 hasara suke yi. Can ke nan, inda ake da doka da wutar lantarki. Yaron ya ce ban gane ba ne. Watakila. Adashena dai yana kwalla.

Yanzu ina da wani ɗan littafi, ragowar na jikata, inda nake rubuta kwanan wata, da farashin saye, da na sayarwa, duk ran da canji ya kama ni. Ba na canzawa sai na tabbata tafiya ta tabbata, kuma iyakar abin da zan kashe can. In sefa ta rage mini bayan biki, ba na gaggawar mai da ita, na san wani sunan ko wata gaisuwar tana tafe. In maƙwabciya tana neman sefa ni kuwa ina neman naira, mu haɗu a zaure mu raba rata.

Ran Jumma'ar da ta wuce jikar nan tawa na aika, 'yar aji biyar, da kuɗin jika goma na gudummawar haihuwa. Na bi bayanta a hankali in ga yadda za ta yi. Ta yi sallama ta ce, "Baba, nawa kake sayar da jika?" Ya faɗa. Ta ce, "To, in na maido maka ita yanzu, nawa za ka saya?" Ya ɗaga kai ya dube ta, ya hango ni tsaye gindin bedi, ya fashe da dariya ya ce, "Na san wadda ta aiko ki." Ya rage mata naira talatin a kowace jika. Ɗari ukun na bar mata, ta sayi fensir biyu da ƙosai.